Kwat ɗin hafsan sojan ruwan Jamus da aka yi maka tayi, da yadda ake gane na haɗe-haɗe

Tambaya: Ina zaune a Hamburg, kuma na daɗe ina sha'awar tara tsofaffin kayan sarki na hafsoshin sojan ruwan Jamus. Wani mai sayar da kayan tarihi ya yi mini tayin kwat shuɗi mai duhu, da zobe biyu na zaren zinariya a kowane hannu, da tauraro a samansu. Maɓallan suna ɗauke da anga da kambi. Ya haɗa da wuƙar ado mai mikiya a kan ƙota. Ya ce duka na wani kwamandan jirgin yaƙi mai nutso ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya. In saya? Kuma daga ina ya kamata sabon shiga ya fara?

Amsa: Malam, in dai a kan wannan labarin ne, riƙe kuɗinka. Abubuwan da ka lissafa, kowanne yana iya zama na gaske shi kaɗai, amma ba su taɓa haɗuwa a jikin mutum ɗaya a rana ɗaya ba. Wannan kuwa ita ce babbar matsalar wannan sana'a. Jabun da aka ɗinka jiya bai cika yaudarar kowa ba. Wanda ke cin kuɗin mutane shi ne kayan haɗe-haɗe: kwat daga wani zamani, maɓallai daga wani, wuƙa daga na uku, sannan a lulluɓe su da labari mai daɗi.

Kafin ka gane abin da nake nufi, sai ka san cewa in an ce sojan ruwan Jamus, ba runduna ɗaya ake nufi ba. Akwai ta zamanin sarauta, Kaiserliche Marine, daga haɗewar Jamus a 1871 zuwa faɗuwar sarki Wilhelm na Biyu a 1918. Sai Reichsmarine ta bayan yaƙi, wadda yarjejeniyar Versailles, ta sulhun Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta taƙaita wa mutum 15,000. A 1935 aka sauya mata suna zuwa Kriegsmarine, ta zamanin Hitler, wadda ta ƙare a 1945. Bayan nan Jamus ta Yamma ta kafa tata a 1956, wadda aka fi sani da Bundesmarine, ita kuma Jamus ta Gabas ta yi Volksmarine har zuwa 1990. Dukansu shuɗi mai duhu suka sa, dukansu da zoben zinariya a hannu, shi ya sa wanda bai saba ba yake ganin kamar abu ɗaya ne. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa, kuma ƙananan abubuwan nan dokar tufafi ce ta tsara su, babu hafsan da ke sa abin da ya ga dama.

To mu ɗauki kwat ɗinka. A zamanin sarauta, hafsan da ke aikin tuƙi da ba da umarni a jirgi, kambin sarauta yake ɗauka a saman zobban hannunsa. Tauraro mai tsini biyar ya maye gurbin kambin ne bayan an kawar da sarauta. Saboda haka kwamandan jirgi mai nutso na 1914 zuwa 1918 kambi zai kasance a hannunsa, kamar yadda yake a maɓallansa. Maɓallai masu kambi tare da hannu mai tauraro, ka ga tun nan magana ta rabu biyu.

Yawan zobban ma yana da nasa bayani. A rundunar sarki, zobe biyu muƙamin Kapitänleutnant ne, muƙamin da manyan kwamandojin jiragen nutso irin su Otto Weddigen na U-9 da Lothar von Arnauld de la Perière na U-35 suka riƙe. Amma a Kriegsmarine da Bundesmarine, zobe biyu muƙamin Oberleutnant zur See ne, wato mataki ɗaya ƙasa, shi kuwa Kapitänleutnant an ƙara masa siririn zobe a tsakiyar biyun. Mai sayarwar ya ga zobe biyu sai ya ɗauko muƙamin zamanin sarki ya ɗora, alhali tauraron yana nuna wani zamani dabam.

Ita wuƙar kuwa ba ta buƙatar dogon bincike. Wuƙar ado ta hafsoshin sarki, kambi ne a kan ƙotarta. Bayan 1919 aka cire kambin aka sa wani ƙullutu mai kama da ƙwallo. Mikiya riƙe da tambarin 'yan Nazi ta zo ne a 1938, shekara 20 bayan yaƙin da ake cewa an yi da ita. Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci: kan ƙotar ɗaure shi ake yi kamar noti, kuma hafsoshi da yawa da suka yi aiki a zamuna biyu ko uku ba su sayi sabuwar wuƙa ba, kan kawai suka sauya. Don haka ana samun wuƙa ta gaske mai ruwan zamanin sarki da kan 1938, kuma masu tara kaya suna son irinta. Sai dai mutumin da ya shiga aiki kafin 1918 ya kuma kai 1938 yana ciki, ba zai tsaya a zobe biyu ba, kuma da ya sauya kan wuƙa da ya sauya maɓallan kwat ma. Ta kowace fuska ka juya labarin, ba ya tsayuwa.

Abin da nake zato, kuma zato ne tunda ban taɓa kayan da hannuna ba, kwat ɗin na bayan 1956 ne aka cire maɓallansa aka ɗinka tsofaffi. Ga yadda za ka tabbatar. Koma ka ƙirga maɓallan gaba: jaket ɗin Kriegsmarine goma yake da su, biyar-biyar a layi biyu, na Bundesmarine kuwa bai kai haka ba. Duba ƙirjin dama da kyau a haske. Daga 1934 an wajabta ɗinka mikiya a wurin, kuma ko an farke ta bayan yaƙi, sawun allura yakan rage, ko ka ga wurin ya fi sauran duhu don rana ba ta taɓa shi ba. In babu mikiya babu sawunta, kwat ɗin ko dai ya girmi 1934 ko kuma an ɗinka shi bayan 1945. Sannan juya maɓallan ka duba zaren da ya riƙe su. Zaren da ya shekara ɗari yana da kala ɗaya da sauran ɗinkin, ya lafa cikin yadin. Sabon zare yana tsaye, yana ƙyalli.

Sai ka sa hannu cikin aljihun ciki, domin nan ne kwat yake faɗin gaskiya. Hafsoshin Jamus ba a raba musu kaya daga sito kamar ƙananan sojoji, su ke biyan tela ya ɗinka musu, galibi a Kiel ko Wilhelmshaven ko Berlin. Telan yakan manna ɗan ƙyalle a cikin aljihu mai ɗauke da sunan shagonsa, da sunan mai kaya, da ranar da aka gama. In ka ga adireshin shagon yana da lambar gidan waya mai lamba huɗu kafin sunan gari, an gama magana, domin Jamus ta Yamma ba ta fara amfani da irin wannan lamba ba sai farkon shekarun 1960. Mai lamba biyar kuwa daga 1993 ne. In kuma ka ga takardar da ke nuna yadda ake wanki ko kason ulu da na roba a yadin, wannan ma kayan bayan yaƙi ne. In an yanke ƙyallen gaba ɗaya, tambayi kanka dalilin da zai sa mai son a yarda da labarinsa ya cire shaidar.

In ka yi sa'a akwai suna, to aikin ya zama mai daɗi, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da ya sa sana'ar ta cancanci lokacin mutum. A waɗancan zamuna, rundunar ruwan Jamus takan buga jerin sunayen hafsoshinta a kai a kai, wanda ake kira Rangliste, da muƙamin kowa da ranar da ya samu da inda aka tura shi. Suna kuma kasa hafsoshi bisa shekarar da suka shiga aiki, su kira rukunin Crew: cikin manyan hafsoshin zamanin Hitler, Erich Raeder ɗan rukunin 1894 ne, Wilhelm Canaris na 1905, Karl Dönitz na 1910. Da suna da kwanan wata a aljihu, za ka iya bincika ko mutumin yana riƙe da muƙamin da ke hannun kwat ɗin a wannan shekarar. Takardun rundunar suna ma'ajiyar tarihin soja ta tarayya a Freiburg, bayanan ɗaiɗaikun sojoji kuma da yawansu suna Berlin, a ofishin da aka sani da WASt wanda aka haɗe da ma'ajiyar tarayya a 2019. Kwamandojin jiragen nutso kuwa ba su da yawa, an san sunan kowannensu da jirginsa. Mai sayarwar da ya ce na kwamanda ne amma ya kasa faɗin wanne, ya riga ya ba ka amsa.

Wani abin da ke tona asirin masu haɗe-haɗe shi ne rashin sanin wane kaya ke tafiya da wanne. Jaket ɗin yau da kullum na Kriegsmarine ba ya ɗaukar komai a kafaɗa, muƙamin a hannu kaɗai yake. Farin jaket na bazara da babban kwat na sanyi, akasin haka ne, a kafaɗa suke nuna muƙami. Doguwar rigar biki ita ce ke ɗaukar duka biyu, kuma dole su yi daidai: Leutnant babu anini a kafaɗa, Oberleutnant ɗaya, Kapitänleutnant biyu, daga Korvettenkapitän zuwa sama kuma igiyar kafaɗar kitsattsiya ce. A zamanin sarki, farar igiyar azurfar tana da ɗigo-ɗigon zare baƙi da ja, launin tutar daular. Haka hular hana-salla ta Kriegsmarine: ƙananan hafsoshi bakinta yana da ado mai lanƙwasa-lanƙwasa, manya layi ɗaya na ganyen itacen ok, masu muƙamin admiral layi biyu. Likitoci sanda mai maciji suke ɗauka a hannu, injiniyoyi ƙafar inji mai haƙora, ma'aikatan gudanarwa kuma maɓallansu da adonsu na azurfa ne maimakon zinariya. Cikakken kayan biki, wato doguwar hula mai tsini gaba da baya, da adon kafaɗa mai geza, da takobi mai kan zaki, an jingine sa shi da aka fara yaƙi a 1939. Saboda haka in aka kawo maka irin wannan saiti aka ce na saurayin da ya zama hafsa a 1943 ne, sai ka yi dariya ka wuce. Takubban nan, af, da yawansu idon zakin ɗaya ja ne ɗaya kore, irin fitilun hagu da dama na jirgi.

Game da gwajin yadi, akwai dabaru biyu da kowa ke ambata, kuma dukansu ana wuce gona da iri a kansu. Na farko fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Farin yadi ko zaren da aka yi daga wajen 1950 zuwa yau yakan haska fari fat a ƙarƙashinta, saboda sinadarin ƙara haske da masana'antu suka fara zubawa. Amma tsohon yadi ma in an wanke shi da garin sabulun zamani zai haska, kuma maƙeran jabu sun daɗe da koyon sayen zaren da ba ya haskawa. Na biyu ƙona ɗan silin zare daga cikin lafi: ulu yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Gwajin nan biyu suna iya kayar da kaya, ba sa iya tsayar da shi. Abin da ke tsayar da shi ido ne da ya ga na gaske da yawa. Kamar dai mai sayen babbar riga a Zariya ne, wanda ya saba, daga nesa yake raba aikin hannu da na keke, ba ya buƙatar a juya masa ciki. Adon zinariya na gaske da aka yi da hannu a kan waya yana dusashewa ya yi launin zuma ko ƙasa-ƙasa, kuma dusashewar ba ta zuwa bai ɗaya. Ka kuma sani cewa cikin yaƙi na biyu an riƙa amfani da wani zare rawaya mai suna Celleon a madadin waya, don haka rashin waya kaɗai ba ya nufin jabu.

A wuƙaƙe da takubba, kusan duka daga garin Solingen na Jamus suka fito, kuma kowane kamfani yana da tambarinsa a gindin ruwan: Carl Eickhorn kurege, WKC kan jarumi mai kwalkwali, Alcoso ma'auni, Höller ma'aunin zafi. Siffar tamburan ta sauya da shekaru, musamman kuregen Eickhorn, shi ya sa tambarin yake taimakawa wajen sanin zamani. Sai dai bayan 1945 an harhaɗa wuƙaƙe masu yawa daga ragowar sassan da suka rage a masana'antu aka sayar wa sojojin mamaya a matsayin tsaraba. Sassansu na gaske ne, amma babu hafsan da ya taɓa rataya su. Bajojin yaƙi kuwa, irin na jirgi mai nutso, su ne aka fi yi wa jabu a duk fannin. Na zamanin sarki an ƙirƙiro shi ne a Fabrairun 1918, watanni tara kacal kafin yaƙi ya ƙare, na biyu kuma a Oktoban 1939. Ba na ba sabon shiga shawarar ya taɓa su a shekarunsa na farko.

Tunda a Jamus kake, dole mu taɓo doka. Sashe na 86a na dokar laifuka ya hana nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a ko yaɗa shi, har da shigo da shi ko fitar da shi don wannan manufa. An keɓe abin da ya shafi ilimi da bincike da koyar da tarihi, a ƙarƙashin wannan ne gidajen gwanjo ke sayarwa, suna rufe tambarin a hotuna. Ajiye abu a gidanka ba laifi ba ne, amma ɗaukar hoton wuƙar nan ka sa a Facebook yana iya jawo maka 'yan sanda. Ostiriya da Faransa ma suna da nasu dokokin. In ka ga lambar yabo ta yaƙi na biyu wadda babu tambarin a jikinta, ba lallai gogewa aka yi ba: dokar 1957 ta ba tsofaffin sojoji damar sa sabon samfuri marar tambari, kuma waɗannan ma ana tara su. Ƙotar wuƙaƙen zamanin sarki kuma da yawa hauren giwa ce, shi kuwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara cinikinsa a 2022. Kada ka sayi mai haure sai da takardunta a hannu.

Ra'ayina, in za ka ji, ka karkata ga zamanin sarki ko Reichsmarine. Ɗinkinsu ya fi kyau, jabu bai yi musu katutu kamar na zamanin Hitler ba, kuma ba za ka riƙa cuɗanya da mutanen da ba tarihi ya kawo su kasuwar ba. Ba wai rundunar sarki tsarkakakkiya ba ce. Jirgin yaƙi Möwe ne ya kai wakilin gwamnatin Jamus Gustav Nachtigal Togo da Kamaru a 1884 ya kafa tutar Jamus, kuma a Disambar wannan shekarar sojojin ruwa daga jiragen Bismarck da Olga suka far wa unguwannin Duwala a Kamaru. Mai tara kayan nan daga nahiyarmu ya kamata ya san abin da yake riƙe da shi. Wannan ma ya tuna mini: maɓallin Jamus mai kambi zalla babu anga, irin wanda mutum zai iya cin karo da shi a wajen Garwa ta arewacin Kamaru, na sojojin mulkin mallaka ne, kada a sayar maka da shi a matsayin na ruwa.

Farawa kuwa, ka fara da ƙafafunka, tunda Allah ya ajiye ka a inda kayan suke. Gidan tarihin teku na Hamburg da aka buɗe a 2008 da tarin Peter Tamm yana da kayan sarki masu yawa, akwai kuma gidan tarihin sojan ruwa na Wilhelmshaven. Je ka tsaya gaban gilashi ka kalli yadda tsohon ulu da tsohon ado suke. Bi tsofaffin kundayen gidajen gwanjo irin Hermann Historica na yankin Munich, ka duba farashin da aka sayar, ba wanda aka nema ba, ka kuma tuna ana ɗora la'ada da takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Sannan ka fara sayen ƙananan abubuwa: maɓallai, igiyoyin kafaɗa, hotunan hafsoshi na situdiyo. Hoto yana da araha, kuma yana nuna maka yadda aka sa kayan a zahiri. Kayan Volksmarine ma suna da yawa a kasuwa, suna da sauƙin kuɗi, sun isa mutum ya koyi duba ɗinki da tambarin sito. Duk abin da ya wuce ƙaramin kuɗi, kada ka yi cinikin biri a sama: ka riƙe shi a hannu, ka sa a rubuta maka a rasit zamaninsa da cewa na asali ne, da sharaɗin mayarwa in ya zama ba haka ba. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan.

In ka samu na gaske, babban abin da za ka yi masa shi ne ka ƙyale shi. Kada ka goge maɓallai da man goge tagulla, ruwan zinariyar siriri ne, in ya tafi ya tafi, darajar kayan ma ta bi shi. Kada ka kai kwat gidan wanki. Rataye shi a marataya mai faɗi da aka naɗe da auduga, ko ka shimfiɗa shi a akwati da takarda marar asid, nesa da rana. Asu ne babban abokin gaba. In ka ga ƙananan ramuka ko gari a lafin aljihu, sa kwat ɗin a leda ka ɗaure, ka bar shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda ko fiye, sannan ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe. Wuƙa ba ta shiga firiza. Ita a shafa wa ruwanta kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, a daina taɓa shi da yatsa, a kuma raba tagulla da fata, domin haɗuwarsu ce ke haifar da koren tsatsa. In wata rana za ka koma gida da kayan, ka tambayi kwastan na ɓangarorin biyu game da wuƙa da takobi tun kafin ka ɗaure kaya, ka kuma yi shirin yanayi: laimar damina tana kawo fumfuna a ulu, gara ba ta barin akwatin da ke ƙasa, bushewar hunturu kuma tana tsaga hauren giwa da tsohuwar robar ƙota. Akwatin ƙarfe mai rufuwa sosai, a ɗora shi a kan kanta, da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse laima a ciki, ana buɗewa ana dubawa duk wata biyu ko uku, ya fi kabad mai gilashi a falo.